Allurar hana jini daskarewa ga wanda ke kwance a asibiti: dole ce ko cin kuɗi?

Ɗan_Taura:
Assalamu alaikum. Tambaya gare ni ga ma'aikatan lafiyar da ke wannan zaure. Mahaifinmu ya faɗo daga kan babur a hanyar kasuwa, ƙashin ƙugunsa ya karye, aka yi masa aiki. Alhamdu lillahi aiki ya yi kyau, sai dai abu biyu sun ɗaure mana kai. An rubuto wata allura Clexane, wai kullum sai an yi masa a fatar ciki, ko an sallame mu ma a ci gaba a gida. Tsadarta ba a magana, har tunkiya muka kai kasuwa. Sannan washegarin aikin wani ma'aikaci ya zo ya ce sai Baba ya tashi zaune ya sauko da ƙafafu. Dattijo yana nishi, shi kuwa ko a jikinsa. Yayanmu ya ce wannan rashin imani ne, allurar kuma hanyar cin kuɗi ce, tunda ba ta rage ciwo ba ta haɗa ƙashi. Shin dole ce?

Bala_Mai_Golf:
Wa alaikumus salam. Allah ya ba Baba lafiya. Yayanku bai yi ƙarya ba, yanzu komai kasuwanci ne. Mutum ya karye kuma a ce ya tashi? Da wajen maɗori kuka kai shi da yanzu yana kwance a ɗakinsa hankali kwance.

Nas_Hauwa_Rano:
Allah ya ƙara sauƙi. Ɗan_Taura don Allah kada ku tsayar da allurar nan da kanku. Gaskiya ne ba ta haɗa ƙashi, ba aikinta ba ke nan. Aikinta hana gudan jini taruwa a manyan jijiyoyin ƙafa. Jinin da ya sauka ƙafa ba ya komawa zuciya haka kawai, sai tsokar sharaɓa tana motsi tana matsa jijiya tana tura shi sama. Idan mutum ya kwanta ba motsi, jinin sai ya riƙa tafiya a hankali, daga nan ya fara daskarewa. Gudan kan iya tsayawa a ƙafa ya kumbura ta. Abin tsoron shi ne ya ɓalle ya bi jini ya ratsa zuciya ya je ya toshe jijiyar huhu. Nan ne za ka ji an ce yanzu muke hira da shi, sai ya fara haki, kafin a kira likita rai ya yi halinsa. Karayar ƙugu da aikin ƙugu ga tsoho suna sahun gaba a abubuwan da ke jawo wannan. Wanda ya tashe shi zaune kuma aikinsa yake yi, motsin nan shi kansa magani ne.

Maman_Ilham:
Innalillahi. Nas Hauwa kin tuna min da ƙanwar mijina. An yi mata aikin haihuwa, aka sallame ta lafiya lau, har an yi suna. Ƙafarta ta hagu ta kumbura, tsofaffi suka ce sanyin jego ne, aka yi ta gasa mata ana tausa. Wata safiya ta tashi za ta banɗaki ta ce ƙirjinta, numfashinta ya koma sama-sama. A mota ta cika. Har yau a gidan ana cewa jifa ne.

Nas_Hauwa_Rano:
Allah ya jiƙanta ya raya abin da ta bari. Ba zan yanke hukunci a kan wadda ban gani ba, amma yadda kika ba da labarin ya yi kama da shi ƙwarai. Kuma tausar nan ita ce abin da muke hanawa idan ana zargin gudan jini a ƙafa.

Abban_Sadik:
Wato hawan jini ke nan ko? Ni ma ina da shi, kullum ina shan magani.

Likitan_Karkara:
A'a Abban Sadik, daban suke. Mutum na iya zama ba shi da hawan jini ko kaɗan gudan jini ya same shi a ƙafa.

Bari in ɗora a kan na Nas Hauwa. Wani likita Bajamushe, Rudolf Virchow, ya yi aiki a kan wannan tun ƙarni na 19, kuma da sunansa ake koyar da dalilai uku da ke sa jini ya daskare a jijiya: jini ya daina gudu yadda ya kamata, bangon jijiya ya ji rauni, ko jinin kansa ya zama mai saurin daskarewa. Manoman rani na Kadawa da Auyo sun san hanyar ruwan da ba ta gudu ita ke cika da laka, to haka jijiya take. Baban Ɗan_Taura ya haɗa ukun duka: yana kwance, karaya da wuƙar likita sun taɓa jijiyoyi, jiki kuma bayan rauni ƙara ƙarfin daskarar da jini yake yi don ya tsayar da zuba.

Ba masu karaya kaɗai ba. Mai ciki da mai jego har mako 6 bayan haihuwa, musamman wadda aka yi wa aiki. Mai ciwon daji. Mai shanyewar ɓarin jiki. Mai ciwon zuciya ko ciwon huhu mai tsanani da ya kwantar da shi. Mai sikila. Mai ƙiba sosai, wanda ya haura shekara 60, wanda gudan jini ya taɓa samu a baya, da mace mai shan ƙwayar tazarar haihuwa irin mai sinadarin istirojin. Lokacin korona a 2020 an ga wannan matsala da yawa a masu jinya mai tsanani. Ƙungiyar masana harkar ta duniya, wadda ta ware 13 ga Oktoba don wayar da kai tun 2014, tana cewa har kashi 60 cikin 100 na wannan matsala na faruwa ne lokacin kwanciya a asibiti ko cikin kwana 90 bayan sallama. Shi ya sa aka ce ku ci gaba a gida. Bayan aikin ƙugu akan kai kwana 28 zuwa 35 ana ba da kariya.

Bala_Mai_Golf:
To likita, iyayenmu da kakanninmu da aka yi ta ɗorawa a gida, wace allura aka yi musu?

Hajiya_Yalwa:
Bala ɗana, waɗanda suka tashi ka gani. Waɗanda ba su tashi ba an ce kwana ne ya ƙare, an yi sadakar uku an watse. Mu da muka girma a ƙauye mun san sau nawa tsoho ya karye a ƙugu ya kwanta bai sake takawa ba.

Ɗalibin_Ilimi_Gaya:
Ni tawa tambayar daban ce. Na ji an ce wannan allura daga jikin alade ake samo ta. Likita a gaya mana gaskiya.

Likitan_Karkara:
Gaskiya ne. Hefarin, allurar hana jini daskarewa ta asali, da 'yarta Clexane, daga hanjin alade ake ciro sinadarin, a tace shi a sarrafa. Ba abin ɓoyewa ba ne, kuma haƙƙin majinyaci ne ya sani in ya tambaya. Akwai wata allurar, fondafarinus, da ake haɗawa ba daga dabba ba, sai dai samunta a nan ba sauƙi. Akwai kuma ƙwayoyin sha irin su Xarelto, su ma ba daga dabba suke ba, amma ba kowane majinyaci suka dace da shi ba. Mai ciki dai ba a ba ta su.

Ɗan_Taura:
Subhanallahi. Idan yayanmu ya ji wannan ai magana ta ƙare.

Malam_Na_Zaure:
Kada ta ƙare, Ɗan_Taura. Ayar da ta haramta mushe da jini da naman alade, aya ta 173 a Suratul Baƙara, ita ce kuma ta ce wanda lalura ta matsa masa, ba yana mai zalunci ko ƙetare iyaka ba, babu laifi a kansa. Malaman fiƙihu suna da ƙa'ida cewa lalura tana halatta abin da aka hana, gwargwadonta. Wasu ma suna ganin abin da aka sarrafa har ya fita daga asalinsa hukuncinsa ya canza. Abin da ya dace ku tambayi likita ko akwai madadi da zai yi wa Baba aiki kuma kuna iya samu. In akwai, ku ɗauka. In babu, ceton rai ke gaba. Allah ne mafi sani.

Ɗalibin_Ilimi_Gaya:
Allah ya gafarta Malam, amma ai nan rigakafi ne, cutar ba ta zo ba. Ya za a kira shi lalura?

Malam_Na_Zaure:
Idan masana suka ce akwai rinjayen zato na halaka, ba a jira sai ta auku. Amma wannan mas'ala ce da ake zama a kanta, ba a ƙare ta a waya ba. Ka same ni mu tattauna.

Sarkin_Aska_Ƙarami:
Duk wannan dogon turanci, mu ƙaho muke kafawa mu zuƙe mataccen jini ka gan shi gudaji-gudaji a ƙasa. Gadonmu ne tun kaka da kakanni.

Nas_Hauwa_Rano:
Ranka ya daɗe Sarkin Aska, ba raina sana'a ba, mu ma 'ya'yanmu ku ke yi musu aski. Amma gudajin da kake gani jinin fata ne da ya fito ya daskare a cikin ƙaho, kowane jini mai lafiya haka yake yi in ya fita. Wanda muke magana yana can ciki a jijiyar da ke tsakiyar tsoka, ƙaho ba ya kai masa. Kuma roƙona ga duk wanzami: ka tambaya kafin ka sa aska. Mutumin da ke kan Clexane ko wafarin, ƙwayar hana jini daskarewa, in ka tsaga shi jini zai yi ta zuba ba tsayawa.

Sarkin_Aska_Ƙarami:
Wannan na ƙarshen na karɓa. Na farkon kuwa sai mun haɗu.

Kemis_Gumel:
Tunda an ce a ci gaba a gida, bari in faɗi yadda ake yinta, don na ga yadda wasu ke ɓata ta. Tana zuwa a sirinjinta a shirye, yawanci miligiram 40 sau ɗaya a rana in don kariya ce. A gefen ciki ake yi, a bar wajen yatsa uku daga cibiya. Ka tsunkuli fata da yatsa biyu ta taso, ka soka allurar a miƙe har ƙarshenta, ka tura a hankali kana riƙe da fatar. Akwai ɗan kumfan iska a ciki, kada a fitar da shi, haka aka yi ta. In ka zare kada ka murza wurin, murzawa ke sa ya yi baƙi. Yau dama, gobe hagu, kuma a lokaci guda kullum. Ba a yinta a ɗuwawu cikin tsoka kamar allurar zazzaɓi. Ajiya kuma kada zafi ya wuce digiri 25, kada kuma a sa ta ta ƙanƙare. Da zafin Maris da Afrilu na Jigawa, wanda ba shi da firji ya nemi wuri mafi sanyi a ɗaki, kusa da randa, ba a aljihun mota ko kan taga ba.

Auta_Kiyawa:
Ba za a iya ba shi asfirin kawai ba? Ai arha gare shi kuma an ce yana tsinka jini. Ko tafarnuwa.

Likitan_Karkara:
Akwai inda likitocin ƙashi ke amfani da asfirin bayan wasu ayyukan, amma su ke zaɓa, ba 'yan jinya ba. Haɗa shi da Clexane da kanka, ko da diklofenak da ibufurofen da ake saya a kemis don ciwon jiki, na iya fasa jini a ciki. Tafarnuwa a miya ba laifi, amma ba ta maye gurbin magani.

Kuma in yi wa Bala adalci, ba kowa aka kwantar ake yi wa allurar ba. Ana auna haɗari biyu ne, na daskarewa da na zubar jini. Mai gyambon ciki da ke zubar da jini, wanda jini ya fashe masa a ƙwaƙwalwa, wanda ƙwayoyin daskarar da jininsa suka yi ƙasa sosai, ba a ba su. Mai ciwon ƙoda a rage masa ko a canza masa da hefarin ta asali. In za a yi allurar baya ta kashe ƙafafu ma sai an ba da tazarar awa 12 daga ta ƙarshe. Saurayin da aka yi wa ƙaramin aiki ya tashi yana yawo a ranar, galibi ba ya buƙata. Idan ana allurar aka ga haɓo da ya ƙi tsayawa, jini a fitsari, ko bahaya baƙi wuluk, a koma asibiti.

Uwar_Biyu:
Ni abin da ba a faɗa ba shi ne ruwa. Na yi jinyar mahaifiyata a wani asibiti, banɗakin ba ya shiguwa. Sai tsohuwa ta daina shan ruwa don kada fitsari ya matsa mata, tana kuma kunyar a kawo mata tasa a gaban surukai da 'yan dubiya. Leɓenta har ya bushe. Ba ita kaɗai ba, duk matan ɗakin haka suke yi.

Nas_Hauwa_Rano:
Wallahi kin taɓo inda yake mana ƙaiƙayi. Ƙarancin ruwa a jiki yana ƙara haɗarin. In ba likita ne ya taƙaita ruwa saboda zuciya ko ƙoda ba, a riƙa ba su suna sha. 'Yan dubiya kuma ku yi haƙuri, a gaisa a yi addu'a a ba da wuri. Wani lokaci ka zo tashin majinyaci ka tarar mutum goma sun zagaye gado, kowa na cewa sannu, kwanta ka huta, kada ka motsa. Ƙauna ce, amma tana cutarwa. Mai jinya ga aikin da ba ya cin ko sisi: ka tuna masa ya riƙa ɗaga tafin ƙafa sama yana mayarwa ƙasa, yana juya idon sawu, duk awa in yana farke. Ana iya haɗa masa da lokutan salla da tsakaninsu don kada a manta. In an ba da izinin takawa, ka riƙe shi ku je bakin ƙofa ku dawo.

Ɗan_Taura:
Na gode 'yan uwa. Na sami likitan da safe na yi masa tambayoyin nan. Ya ce yanzu dai a ci gaba da allurar, in an zo sallama zai duba gwajin ƙoda ya ga ko za a mayar da shi kan ƙwaya. Yaya bai sauko ba, ya ce shi ba zai ƙara ko kwabo a kanta ba, amma bai hana ba. Ni da ƙannena muke haɗawa.

Bala_Mai_Golf:
Ka ji ko. Da ba ka tambaya ba da ba a ambaci ƙwaya ba. Ni har yanzu ina nan a kan bakana, talaka ba ya iya wannan.

Hajiya_Yalwa:
A nan kam Bala yana da gaskiya. Wanda bai da tunkiyar sayarwa fa?

Likitan_Karkara:
Ya faɗa wa likita ƙarara cewa ba shi da hali, kada ya karɓi takarda ya ninke ya sa a aljihu. Hefarin ta asali ta fi sauƙin kuɗi, sai dai sau biyu ko uku ake yinta a rana. Wafarin ma yana da arha, amma sai ana gwajin jini a kai a kai, kuma ganye irin su zogale da alayyafo da rama suna rage masa ƙarfi in aka ci da yawa yau gobe aka bari. Ba a hana cin su ba, a dai daidaita. Ga mutumin da ke can cikin Gwaram ko Babura, zuwa gwajin nan shi ne wahalar. Mai ciki kuma ba a ba ta wafarin, yana illa ga ɗan tayi. Clexane ba ta ratsa mahaifa, mai shayarwa ma ana yi mata.

Auta_Kiyawa:
Wai da gaske wafarin maganin ɓera ne?

Kemis_Gumel:
A matsayin maganin ɓera aka fara amfani da shi a Amurka a 1948, sai a 1954 aka amince a ba mutane. Bambancin yana ga awo. Shi ya sa ba a sha da ka.

Maman_Ilham:
Doguwar safar nan fara da na ga ana sa wa wasu fa? Na gan ta a kasuwa.

Nas_Hauwa_Rano:
Sai an auna ƙafa. In ta yi kaɗan ko ta naɗe a ƙasan gwiwa ta zama kamar ɗauri, ta cutar. Mai ciwon suga da ke da gyambo ko wanda jini ba ya isa ƙafarsa sosai ba a sa masa. Masu shanyewar ɓarin jiki ma bincike ya nuna ba ta kare su, sai ma ta ci musu fata. Su akwai wata na'ura mai hura iska tana matsa ƙafa tana saki, ita ta fi musu, in an samu da wutar da za ta juya ta.

Zee_Kazaure:
Masu ganin abin na talaka ne ko na ƙauye, Serena Williams mai wasan tanis ta yi gudan jini a huhu a 2011, ya sake dawo mata a 2017 bayan an yi mata aikin haihuwa. Ita ta gane alamar ta matsa a yi mata hoto. Mu matanmu a jego an koya musu shiru, in ta yi ƙorafi a ce raki.

Hajiya_Yalwa:
Zee ba shiru kawai aka koya musu ba. Mai jego a wajenmu tana tashi ta yi wanka safe da yamma, ba kwance take wuni ba. Wadda aka yi wa aiki ce ake lallaɓawa a hana ta motsi don tsoron ɗinki ya farke. Kada a ɗora wa al'ada komai.

Ummi_Sumaila:
Don Allah ku taimaka, yanzu na karanta duk bayanan nan gabana yana faɗuwa. Yayata aka yi wa aikin haihuwa, an sallamo ta satin da ya wuce. Tun jiya sharaɓarta ta dama ta kumbura ta fi ɗayar, da zafi in ka taɓa, tana ɗingishi. Mijinta ya ce a bari sai ranar da aka ba su ta komawa.

Likitan_Karkara:
Ummi kada a jira. Yau ɗin nan a kai ta babban asibitin da ke da na'urar hoton jijiya, ku ce musu an yi mata aiki kwanan nan kuma ƙafa ɗaya ce ta kumbura. Kada a tausa, kada a gasa, kada a kafa ƙaho. In ta fara haki, ciwon ƙirji, tari da jini ko jiri, ku wuce sashen gaggawa kai tsaye.

Ummi_Sumaila:
Mijin ba ya gari, ya tafi cin kasuwa, kuma surukarta ta ce ba mai fita da jaririya ba a yi arba'in ba.

Malam_Na_Zaure:
Ki kira mijin ki ba shi wayar ya karanta abin da likita ya rubuta. In bai ɗauka ba ki nemi mahaifinku ko wan mijin. Arba'in ba ta hana zuwa asibiti.

Bala_Mai_Golf:
Ina tashar Wudil yanzu, ban yi lodi ba. Ummi turo min sunan garin ta akwati, in hanyar mota na shiga zan zo in ɗauke ku, ku zuba mai kawai.